Ruwan Asabar

Kaka ce, irin wadda ba ta cika zuwa sau biyu a jere ba. Damina ta yi mana alheri a shekarar, har sai da mutane suka fara cewa ya isa haka. Dawa ta yi kai, masara ta cika rumbu, dam ɗinmu kuwa ya cika ya batse yana zubarwa ta gefe, kwaɗi suna ta hayaniya a cikinsa kamar ba su sami labarin damina ta wuce ba. Duk wanda ka haɗu da shi a hanyar Hunkuyi fuskarsa a sake take. Ko Babanku, Allah Ya jiƙansa, da ba mai yawan dariya ba ne, a wannan kakar na ji shi da kunnena yana yi wa akuya hira.

Ina rubuta muku wannan ne saboda wata magana da nake ji a bakinku tun kuna yara, yanzu kuma ta gangaro bakin jikoki, wai Inna ta taɓa kai Baba ƙara a kan ruwa. Da sallar da ta wuce na ji 'yar'uwarku Hauwa tana ba 'ya'yanta labarin, har da cewa na tsaya gaban dattawa na nuna shi da yatsa. Ni da ko zauren gidanmu ban taka ba a ranar. To bari in faɗa muku yadda aka yi, tun ina da sauran ido da hannun riƙe biro.

Kun san dam ɗin, amma ba ku san shi yadda yake a lokacin ba. Kwata ɗaya ce tak ta fito daga ƙofarsa, ta ratsa tsakanin lambuna tana tafiya tana raguwa, har ta ƙare a gindin wata tsohuwar giginya. Masu lambu a bakin kwatar nan suka haɗu suka yi ƙungiya, kowa aka yanka masa lokacinsa na ban-ruwa. Namu lambun yana can sama, na uku daga ƙofa, kuma da yake yana da faɗi sai aka ba mu rana biyu, Talata da Asabar, daga asuba zuwa azahar. Makullin ƙofar yana hannun Baba Ɗanjuma, wanda kowa ke kira Mai Makulli, wani siririn tsoho da ke rataye shi a wuya ko masallaci zai shiga. Ranar da aka kafa ƙungiyar, mutanen gwamnati suka zo da takardar dokoki cikin Hausar boko. Aka karanta ta sau ɗaya da rana tsaka, maza hankalinsu yana kan neman inuwa, sannan kowa ya dangwala yatsa aka miƙa masa tasa. Babanku ya kawo tamu ya ce in adana. Na naɗe ta a leda na tura ƙasan kwalla, ta yi shekaru a can ba wanda ya tambayi lafiyarta.

Abin da ya fito da ita shi ne yaƙi da jahilci. An buɗe mana aji a firamare, bayan yara sun tashi, muna zama a kan bencinsu gwiwoyinmu suna taɓo haɓa. Malamarmu ita ce Malama Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, mijinta yana aiki a ɗakin shan magani. Mace ce mai haƙuri, in ka rubuta harafi a juye sai ta ce ai ya yi kyau, barci kawai yake yi, ki tashe shi. Littattafai ba su ishe mu ba, sai ta ce kowa ta je gida ta nemo duk wata takarda mai rubutu. Wata ta zo da kalanda, wata ta yanko bakin buhun taki, wata ta kawo takardar maganin tsutsar ciki. Ni kuwa na tuna da ta ƙasan kwalla. Malama ta duba ta ta ce ba ta ga mai kyau irinta ba, Hausa ce miƙaƙƙiya kuma haruffan manya ne. Tun daga nan kowane mako sai ta kwafi doka ɗaya a allo, mu bi ta gaɓa-gaɓa har ta zauna. Da dokar ruwa muka koyi karatu, mu matan garin nan. Kafin a daɗe ta shiga hirarmu ta yau da kullum. In wata ta makara da zuwa aji sai a ce ta karya doka ta biyu. Asabe, ƙawata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata lambu a can ƙarshen kwata gindin giginya, ita ce ta fi kowa baki. Wata rana muna tsakiyar doka ta huɗu ta ajiye fensirinta.

"Malama, da aure ma an yi masa irin takardar nan, da maza da yawa an rufe musu ƙofa."

Malama ta yi dariya har da riƙe allo. Haka muka kai ƙarshen takardar, muka sake komawa farko. Mazajenmu da suka dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba, mu da ba mu dangwala ba mun haddace ta.

To a wannan shekarar mai albarka, Babanku bayansa ya fara damunsa, ga babban yayanku ya tafi Zariya koyon aiki. Da aka shiga noman rani sai ya ga rabin lambun kawai zai iya, ya ja fangali ya dasa albasa ya bar sauran. Ruwan Talata ya ishe shi har da ragi. Na Asabar ya zama rara, ba shi da inda zai kai shi.

Ana haka sai ga Alhaji Tanimu. Manomin rake ne daga wajen Makarfi, ƙaton mutum mai fara'a, in ya yi dariya a zaure kwanukan da ke ɗakina sai sun amsa. Ya karɓi hayar wani fili da ke ƙetaren shingen bini-da-zugu, wato bayan iyakar ƙungiya, dab da lambunmu, yana so ya dasa rake, amma ba shi da ruwa. Ya zo sau biyu suka gaisa, na uku ya faɗi abin da ya kawo shi. Babanku ya sakar masa ruwan Asabar ta wani ɗan rami da za a haƙa a ƙarƙashin shingen, shi kuma ya ba shi injin ban-ruwa. Kun san gonar tudu ta bakin rafi da Babanku ya gada. Ya yi shekara da shekaru yana cewa da zai sami inji da ya mayar da ita lambu. Bai yi dogon tunani ba. Aka kira maƙwabta biyu, aka fasa goro, aka yi musafaha, aka shafa fatiha. A wurin mutanenmu wannan shi ne ƙarshen magana. Haka ake ba da aron gona, haka ake sayar da sa, tun kakanni, kuma duk wanda ya janye bayan an ci goro ya zubar da girmansa.

Washegari aka kawo injin. Ja ne, yana ƙamshin mai. Babanku bai yarda a ajiye shi a tsakar gida ba, ɗakinsa ya shigar da shi, ya zo ya ari atamfata mai ruwan ganye ya lulluɓe shi. Kowace safiya sai ya ɗaga atamfar ya goge shi da tsumma, ko da yake ba abin da ya hau kansa. Kaza ta leƙa ɗakin sau ɗaya, ya bi ta har bayan rumbu. Ni kuwa tun da na ji abin da aka ƙulla na san akwai matsala, domin doka ta bakwai tana zaune a kaina daram. Abin da ta ce shi ne ruwa na ƙungiya ne, lokaci kawai mutum yake da shi. Wanda nasa ya yi masa yawa ya sanar da Mai Makulli, a yi shela mako biyu, ran Juma'a a masallaci, ran Lahadi a coci. Mutanen ƙarshen kwata su ne farkon masu haƙƙin ɗauka, sai na tsakiya, sai in duk babu mai so a sayar wa baƙo, shi ma na rani ɗaya. Wanda kuwa ya bar ruwa ya ƙetare iyaka ba tare da shela ba, za a toshe ramin, shi kuma a rufe masa ƙofa rani mai zuwa gaba ɗaya. Ku gane, lambun nan shi ne miyarmu, shi ne suturarku, shi ne makarantarku. Rani guda ba ruwa a gidanmu ba ƙaramin abu ba ne.

Na jira sai da ya ci abinci bayan la'asar, ya wanke hannu, ya jingina da bango. Na yi masa sannu, na ce ina da 'yar magana in ya ba ni dama. Na faɗa masa a hankali yadda dokar take. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba, don ba halinsa ba ne. Sai ya yi murmushi irin na wanda yaro ya kawo masa wasa.

"Hajara, Asabar ɗin nan tawa ce ko ta takarda?"

Na ce tasa ce, amma ruwan da ke cikinta ba nasa ba ne shi kaɗai.

"Da kaina na ɗauki ƙasa aka yi bakin dam ɗin nan. Ruwan da yake zuba a banza, kwaɗi suna wanka da shi, shi ne zan nemi izini kafin in ba wani? An ci goro, magana ta ƙare. Ki bar karatunki a aji."

Bai faɗa da faɗa ba. Ya ma ƙara da cewa in albasar tudu ta yi zai canza mini atamfar da injin ya ara. Na ce Allah Ya sa, na kwashe kwanuka.

Bayan kwana biyu Asabe ta shigo da hantsi, ta zauna bakin murhu ba ta jira tabarma ba. Ta ce ta ga 'yan ƙwadagon Alhaji suna haƙa rami ya nufo shingenmu. Ni dai na ci gaba da tankaɗe. Asabe lambunta barkono ne, kuma kowace shekara labarinsa ɗaya. Kwatar tana da tsawo, ƙasa tana sha, kafin ruwa ya iso gindin giginya rabin lokacinta ya ƙare a hanya. Da zafi ya taso sai furen ya kaɗe, ta tsira da abin da bai wuce na miya ba.

"Yaya Hajo, ni ba zan kai ƙara ba, kin san ni," in ji ta. "Amma ki tuna ba mu biyu kaɗai muka yi doka ta bakwai ba. Matar Malam Iro a bencin gaba take zama, ita ce ma ta fi mu iya ta."

Malam Iro shi ne na huɗu a kwata, maƙwabcin lambunmu, kuma ya daɗe yana cewa rana biyu ta yi wa gida ɗaya yawa. Na tambaye ta ita me take so. Ta ce ita ruwa take so, ba ta ɓoye ba, amma ba ta so ta same shi ta hanyar rufe mana ƙofa. Ta ɗebi gyaɗa a faifai ta tafi tana ci.

Ranar Alhamis da la'asar Alhaji ya dawo don su tsayar da yadda za a fasa shingen jibi Asabar. Na aika musu da ruwa da fura. Ina jin su ta bangon zaure, Alhaji yana lissafa wa Babanku inda zai sa tiyo a gonar tudu, suna dariya. Na zauna a kan turmi na rasa abin da ke mini daɗi. Shekara ashirin da wani abu muna tare ban taɓa sa baki a maganarsa da baƙo ba. Shiga zaure ba zai yiwu ba. Aika wa Mai Makulli a ɓoye kuwa cin amana ne, kuma ban iya ba. In na yi shiru, jibi ruwa zai ƙetare, kafin azahar labari ya isa kunnen Malam Iro. Sai na tuna Malama ta ce mu riƙa maimaita karatunmu da ƙarfi a gida, don kunne ya taya ido. Ban ce muku wannan dabara mai kyau ba ce. Ita ce dai kawai na samu. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar, na jawo turmin kusa da bangon zaure, na yi bisimilla na fara.

Kun san muryata ba ta da ƙarfi, kuma karatuna a lokacin tafiyar mai ciwon ƙafa ce. Na bi doka ta bakwai gaɓa-gaɓa da yatsa. Ina kai tsakiya na ji dariyar zaure ta ragu. Akwai wata kalma a ƙarshen dokar, wai za a rufe ƙofa rani mai zuwa ɗungurungum, kullum a kanta nake tuntuɓe, sai na tsaya na ja numfashi kafin in haye ta. Na yi tuntuɓen, na haye, na koma farko.

"Malam, wannan karatun na wane ne?" Muryar Alhaji ce.

"Iyalina ce. Yaƙi da jahilci take zuwa."

"To madalla." Ya yi gyaran murya, ya ɗaga ta yadda zan ji. "Uwargida, barka da gida. Don Allah a ɗan koma mini wurin da aka ce za a toshe rami."

Na koma wurin. Na karanta masa sau biyu. Na ji ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce wa Babanku shi rake yake nomawa, ba alayyafo ba, in aka toshe masa rami a tsakiyar rani duk abin da ya binne a ƙasa ya mutu. Ya ce bai san da wannan doka ba, kuma ya tabbata shi ma Babanku bai sani ba, wannan kuwa alheri ne ya yi masa da ya faɗi haka. Ya ce a je a yi shelar, in babu mai so sai su ci gaba, injin kuma ya zauna inda yake har a gani.

Sai na ji muryar Babanku.

"Ɗauki kayanka, Alhaji. In aka yi shela akwai mai so. Na san ta."

Alhaji ya roƙe shi, ya ƙi. Da bayan nan nasa mai ciwo ya shigo, bai dubi inda nake ba, ya rungumo injin ya kai shi har mota. Da ya dawo ya ninke atamfata ya ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Daga nan ya sa takalmi ya tafi gidan Mai Makulli da ƙafarsa, ya ce yana da rarar Asabar, a yi shela. Wannan ita ce ƙarar da kuke ji. Shi ya kai kansa.

Mako biyun da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Bai zage ni ba, bai ƙaurace wa tuwona ba. Zai amsa gaisuwa, ya ci abinci tas, ya ce an gode, shi ke nan. Mutumin da kan zauna ya ba ni labarin abin da aka tattauna a majalisa har da kwaikwayon muryar kowa, sai ya koma kamar baƙon da ya sauka jiya. A waje kuma ba su bar shi ya huta ba. 'Yan ƙwadagon Alhaji sun baza labari, in ya doso majalisa sai a ce ga mijin malama nan, a gyara masa wuri. Wani ya tambaye shi ko sai ya nemo izini a cikin gida kafin ya sayar da kaza. Da Asabe ta fito bayan shelar farko ta ce tana so, sai magana ta canza, aka ce dama ni da ita muka shirya don ruwan ya faɗa hannunta. Wannan ta fi ci mini rai, kuma ita ce nake so ku cire daga ranku. Ban yi don Asabe ba. Don Talatarmu da Asabar ɗinmu na yi. Cewa na ji daɗi da ruwan ya nufi wajenta, wannan kam na ji, ba zan yi muku ƙarya ba. A aji ma Malama ta ja ni gefe ta ce ita ba haka take nufi da maimaita karatu a gida ba, tana faɗa tana danne dariya.

Bayan Lahadi ta biyu aka sa zaman ƙungiya ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, a inuwar mangwaron da ke bakin dam. Ni ina gida. Asabe ce ta je, da yake ita mai lambu ce da sunanta, kuma daga bakinta na ji duk abin da zan faɗa muku. Ta ce an fara lafiya, har an ambaci sunanta, sai Malam Iro ya miƙe. Ya ce shi bai yarda a wuce haka ba. An fasa goro gaban shaidu, an haƙa rami, inji ya kwana a gidan mutum, in wannan ba ciniki ba ne to mene ne ciniki? Shelar da aka yi daga baya ba ta goge na farko ba, don haka doka ta hau kansa, a rufe masa ƙofa baɗi. Wasu suka gyaɗa kai, don a al'adarmu gaskiya ya faɗa, goro ya gama magana. Mai Makulli ya ce a kawo takarda a duba. Magatakarda ya sosa ƙeya ya ce tasa gara ta cinye. Aka dubi Mai Makulli, ya ce tasa tana nan a wani wuri. Aka bi maza ɗaya bayan ɗaya, kowa tasa tana nan a wani wuri. Ana shawarar a aika gidanmu, sai Babanku ya miƙe tsaye ya ce ba sai an aika ba.

Kun san shi da hadda, tun yana yaro a makarantar allo abu sau biyu yake ji ya riƙe. Asabe ta ce ya haɗa hannuwansa a baya, ya kawo doka ta bakwai daga farko har ƙarshe, da irin jan muryata, gaɓa-gaɓa. Da ya iso kalmar nan sai ya tsaya cak ya ja numfashi, daidai inda nake tsayawa, sannan ya haye. Ita Asabe ta ce sai da ta cusa gyale a baki. Mazan da matansu ke ajinmu suka fashe da dariya, don kowa ya sha jin wannan karatun a tsakar gidansa bai taɓa sauraro ba. Har Malam Iro bai iya cewa an ƙara ko an rage ba.

Mai Makulli ya bari aka yi shiru.

"Dokar ta ce wanda ya ci goro, ko wanda ya bar ruwa ya ƙetare?"

Aka ce wanda ya bar ruwa ya ƙetare.

"To mu je mu tambayi ramin."

Suka ɗunguma gaba ɗaya zuwa shingen bini-da-zugu. Ramin yana nan, ya tsaya taku biyu kafin shingen. Tsohon ya durƙusa ya cusa hannu ya damƙo ƙasa, ya murza ta gaban kowa, busasshiya ƙayau. Wata zabuwa ma ta yi ƙwai a ciki. Nan ya yanke cewa ba a rufe wa kowa ƙofa ba, Babanku ya cike ramin da hannunsa, ruwan Asabar kuma na Asabe ne na wannan ranin, a kan kuɗin da ƙungiya ta yanka, wani kaso a sa a gyaran kwata. Malam Iro ya ce shi dama gaskiya yake nema, ya sunkuya ya kwashe ƙwan zabuwar ya zuba a hula.

Kada ku ɗauka abin ya tafi ba asara. Inji bai shigo gidanmu ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin ciwon baya ya riga ya ci ƙarfin Babanku, gonar tudu kuwa bai taɓa ganin ta zama lambu da hannunsa ba. Na san wannan ya tsaya masa a rai, ko da yake bai taɓa goranta mini ba. Alhaji ya mayar da rakensa wani wuri, amma bai yanke zumunci ba, duk lokacin da suka dafa mazarƙwaila sai ya aiko, ya ce a ba uwargida mai karatu. Sunan mijin malama kuma ya bi Babanku har tsufa, daga baya ma shi da kansa yake amsawa.

A ranar zaman dai, bayan Asabe ta gama ba ni labari ta tafi, sai ga shi ya shigo gab da magariba, ƙafafunsa duk ƙasa, ya cike ramin kenan. Na kawo masa ruwa a buta. Ya zauna yana wanke ƙafa, ni ina tsaye ban san ko in tafi ko in tsaya ba.

"An bar mana ranakunmu," in ji shi.

Na ce alhamdulillahi.

Ya ci gaba da cuɗa diddige kamar ya gama. Can ya ce, bai ɗago ba, "Kalmar nan taki mai tsawo, ni ma ta kayar da ni gaban jama'a. Ki gaya wa malamarku ta sa a canza ta."

Dariya ta ƙwace mini, na rufe baki da zane. Shi ma na ga kafaɗarsa tana motsi. Ya miƙo mini butar ya ce gobe da asuba zai raka Mai Makulli buɗe ƙofa, in ina so in ga inda karatuna ya kai ruwan mutane, in je in gani.

Washegari na yi sallah na dama koko, na zuba a jug na ɗaure da ɗankwali, na yafa gyale na fita. Ban taɓa bin kwatar nan daga sama har ƙasa ba sai ranar. Na tarar da su a bakin ƙofa, tsohon yana cire makulli daga wuya, Babanku yana toshe bakin lambunmu da laka don kada ko ɗigo ya ratse. Aka buɗe. Ruwan ya fito yana tura ciyayi da tururuwa a gabansa, kuma ashe tafiyarsa ba ta fi ta mutum sauri ba. Sai na bi shi. Ya wuce albasarmu, ya wuce tumatirin Malam Iro, ya tsaya shan ƙasa a wata kwana na tsaya na jira shi, ya sake ɗaukar hanya na bi. Rana ta ɗan ɗaga muka iso gindin giginya tare, ni da shi. Asabe tana tsaye da fartanya, ta ɗaure zane a gwiwa. Ta sare bakin fangalin farko ruwa ya shiga, ta ce in ajiye jug ɗin nan in kama mata na biyu. Na ajiye, na tuɓe takalmi na shiga lakar. Kokon sai da ya huce muka sha.